Abin da muka gano a Maƙarfi

Ƴan uwa mata, rake ba baƙo ba ne a fadamun Guci da Waca. Sai dai in sanyi ya shigo kowa na saran nasa lokaci guda, kasuwa ta cika, kuɗinsa su faɗi, wanda ya yi kwantai kuma ya bushe.

Shi ya sa muka bi ta Magarya da Kano har Maƙarfi, jihar Kaduna, mu ga yadda ake mazarƙwaila. Tun daga nesa hayaƙi da ƙamshi suka tarbe mu. A bakin gona ake kafa injin matsa, wani doki ke juya shi, wani na mai ne. Ruwan raken a babban kasko ake dafa shi, busasshiyar tuka ce makamashi. Ana ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Rake wajen kilo 10 ke ba da kilo 1.

Mazarƙwaila kam, in ba danshi, tana watanni lafiya lau, mai ita ta jira kasuwa. Injin ya fi ƙarfin mace ɗaya, amma asusu uku in sun haɗa hannu fa? Mu tattauna ranar zubi.