Daga Fadamun Makarfi Zuwa Rairayin Bilma

Mutumin da ya tashi a Makarfi ko Kudan ko Ikara, inda rake ke tsayawa kore shar a fadama har cikin rani, da wuya ya san darajar ruwa. Mu ma ba mu sani ba, sai da muka raka waɗansu 'yan'uwa fatake zuwa Bilma, garin gishiri, a ƙasar Nijar.

Daga Kano muka bi ta Damagaram da Tanut har Agadas. A can muka yi salla a babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, wanda aka gina a 1515 aka sabunta a 1844. A wannan gari ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu. Daga nan zuwa Bilma ya fi kilomita 500, kuma babu kwalta.

Motoci biyu muka ɗauka, kirar Land Cruiser, domin mai hankali ba ya shiga Tenere da mota ɗaya. Da muka iso rairayi direba ya sassauta iskar tayu don su baje, kada su nutse. Tafiya kuwa da asuba ake yinta, lokacin da sanyin dare ya sa rairayi ya ɗan kama jikinsa. Da rana ta take sai ya saki kamar gari. Duk da haka sau uku muka kafe a yini ɗaya. Kowa ya sauko, malami da ɗan kasuwa, a haƙe gindin taya da shebur, a shimfiɗa farantan ƙarfe, a tura. Jagoranmu, wani dattijo Ba'abzine, shi ke nuna hanya da hannu, da dare ya dubi taurari. Ya nuna mana inda itaciyar Tenere ta tsaya ita kaɗai shekara da shekaru, har wata babbar mota ta kaɗe ta a 1973. Yanzu ta ƙarfe ce a wurin.

Ran nan da azahar wani alhaji daga cikinmu ya ɗauki buta zai cika daga jarkar ruwan sha. Jagora ya riƙe masa hannu. Alhaji ya fusata, ya ce shi tun da ya balaga bai taɓa salla babu alwala ba. Aka juyo gare mu. Muka shaida masa cewa a mazhabar Imamu Malik, wanda ya ji tsoron ƙishirwa a kansa ko a kan abokin tafiyarsa, ko da dabbarsa ce, taimama zai yi ko da ruwan na hannunsa, kuma rairayin da yake takawa mai tsarki ne. Da ƙyar ya yarda. Muka yi taimama, muka yi ƙasaru, raka'a biyu.

Dattijon yana da hujja. A watan Oktoba na 2013, bayan motoci sun cika hamada, an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yawancinsu mutanen Kance ne, Hausawa 'yan'uwanmu.

Kwana biyu bayan haka famfon mai na mota ɗaya ya toshe kafin mu kai Fachi, muka yini muka kwana a wurin. Ruwan jarkar nan muka yi ta raba wa juna da murfin buta, Alhaji ne ma mai rabon, har makanike ya tashe ta muka hango dabinon Fachi da hantsi.