Yarinyar da Ta Ga Kanta a Littafi

A makarantarmu akwai wata yarinya 'yar shekara 15, mai ladabi da ƙoƙari, amma kullum sai ta makara shiga aji. Tana can bakin famfo tana wanke hannu, sau biyar, sau goma, har fatar ta tsattsage. Mu malamai mun yi faɗa, mun yi horo, muka ce iyayi ne kawai. 'Yan ajinsu kuwa suka ce iska ce ta taɓa ta.

Ran nan ta ari wani littafin Turanci a ɗakin karatunmu, Turtles All the Way Down, wanda John Green, mutumin Amurka, ya wallafa a 2017. Labarin Aza ne, 'yar shekara 16, wadda tsoron ƙwayoyin cuta ya hana ta sakat. Tana da ɗan miki a yatsa, takan fama shi, ta wanke, ta sāke ɗaurewa, alhali ta san ba ya maganin komai. Likitoci suna ce da wannan ciwo OCD, wato waswasin da mutum ba ya iya tsai da shi. Marubucin kansa yana fama da shi.

Bayan kwana uku sai ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, ashe ba ni kaɗai ba ce. Ashe abin nan yana da suna."

Kunya ta rufe mu. Shekara biyu muna tare, ba mu taɓa tambayarta abin da take ji ba. Lalle mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma muka karanta. A labarun da muka saba ji, mai taɓin hankali shi ne na kan juji da tsumma, abin dariya. Yaron da ciwonsa yake a ɓoye, in ya ji haka, sai ya ƙara yin gum. Aza kuwa tana makaranta, tana da aminiya, tana ganin likita. Ba ta warke sarai ba, amma ta ci gaba da rayuwarta.

Muka je gidansu. Da fari mahaifin ya ƙi, don gudun kada a ce 'yarsa mahaukaciya ce. Daga baya ya yarda aka kai ta asibiti. Har yanzu takan tsaya a famfo, amma ba kamar dā ba.

Iyaye, in ɗanku ya nuna muku littafi ya ce, "Wannan ni ne," kada ku yi dariya. Ku ja kujera ku ce ya karanta muku wurin.