Gaisuwar da na tsinta a kasuwar Sara

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa jiran saƙo daga wanda zuciyarta ke so ta san yadda ƙaramin abu ke zama babba. Ni dai nawa saƙon a bakin kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram ya same ni, kuma saura ƙiris wani tsohon rediyo ya hana ni jin sa.

Da kakar shekarar 2023 ne Inna ta haɗa ni da Kawu mu je sayen shinkafa da gero na garar yayata, don kuwa Sara ta yi suna wajen hatsi a kudancin Jigawa. A lokacin mun yi sati biyu ba ma magana da wanda zan aura, saboda wata magana da aka kawo mini na hau kai na zauna. Na daina ɗaga wayarsa, sai ya aiko ƙanwarsa ta ce wai in saurari shirin gaishe-gaishe ƙarfe huɗu na ranar da za mu yi tafiyar. Na taɓe baki na ce ba zan saurara ba, amma wallahi daren nan barci sai ɓarawo.

Da sassafe muka bar Kano a akori-kurar Kawu, muka haye gadar Wudil, hantsi ya yi mana a Birnin Kudu. Kawu ya nuna mini duwatsun garin, ya ce a Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Ni kuwa hankalina yana kan rediyon da ya ɗaure da roba a gaban mota, wanda tun daga Wudil ba abin da yake yi sai shuuu da wani kuka siriri kamar na sauro.

Rediyon nan fa yana da tarihi. Ƙirar Hitachi ne, irin na kamfanin WorldSpace wanda Noah Samara ɗan asalin Habasha ya kafa, aka harba masa tauraron ɗan'adam mai suna AfriStar a 1998 don watsa shirye-shirye a Afirka. Kawu ya ce zamanin da yake aiki, in ka saita faifan eriyarsa sama, murya tas take fitowa, in kuwa ka shiga ƙarƙashin gada ko babbar bishiya sai ta ɗauke ɗif, babu wani shuuu a tsakani. Kamfanin ya karye a 2008, tashoshin tauraron suka tafi, aka bar Kawu da FM da gajeren zango da matsakaicin zango.

Muka isa Sara kasuwa ta cika ta batse. Ga manyan motoci ana lodi, ga buhunan shinkafa da dawa da riɗi an jera kamar gini, 'yan dako sai "hanya, hanya" suke yi, ga mata Fulani da ƙoren fura da nono a gindin bishiya. Muka gama ciniki bayan azahar, aka loda mana kaya. Ƙarfe uku da rabi Kawu ya tayar da mota, rediyo ya koma kukansa. Ya kai masa duka ya ce, "Wannan ya gama yawo, gobe zan ba yara su yi wasa."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, don Allah a nuna wa mai gyara mana." Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "'Yar nan, yaushe kika fara son labarai haka?" Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafina.

A wata 'yar rumfa muka sami dattijo mai gyara. Bai ko kwance rediyon ba, ya ce, "Alhaji, kashe motar." Ana kashewa kukan ya tsaya. Ya ce a tayar a taka totur, sai ga kukan yana hawa yana sauka tare da ƙarar inji. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ji ko? Rediyonka lafiyarsa ƙalau. Kukan da ke bin totur daga abin da ke cajin batirin mota yake, yana biyo wayar da ka jona a ramin kunna taba. Da ƙas-ƙas-ƙas ka ji, da sai in ce a duba fulogi da wayoyinsu."

Ya zare wayar, ya sa wa rediyon batura sababbi, kukan sauro ya tafi, saura shuuu. Sai ya cire cajar wayata, ya ce irin masu arahar nan su ma hayaniya suke zubawa. Daga nan ya ja eriyar har ƙarshe ya leƙo da ita ta taga, don ƙarfen jikin mota yana tare tashar, ya kuma ce mu matsa daga ƙarƙashin wayoyin lantarki. Kawu ya ja mota zuwa fili, murya ta fito kamar mai maganar yana zaune a tsakaninmu.

Ƙarfe huɗu da kwata mai gabatarwa ya ambaci sunana da na unguwarmu, ya ce wani bawan Allah yana gaishe ni, yana roƙon in tambaye shi da bakina kafin in yanke masa hukunci. Kawu ya yi kamar bai ji ba, sai dai ya ƙara murya, ni kuwa na rufe fuska da mayafi.

A hanyar komowa maganar dattijon nan ta yi ta yi mini yawo a ka. Sati biyu ina fushi da mutum a kan hayaniyar da wata ta jona mana, ban taɓa tsayawa na bincika daga ina take shigowa ba. Muna wuce Birnin Kudu na kunna wayata. Kawu ya ce, "Ki dai bari mu sauka, hira a mota ba ta daɗi."