Yini Guda A Bakin Dam Ɗin Watari

Idan hutun ƙarshen shekara ya zo, masu hali a birnin Kano sukan kwashi iyali zuwa Legas ko Kalaba, yara su ga teku su dawo da hotuna. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ba sai ya kulle yaransa a ɗaka ba. Kano ba ta da teku, amma tana da madatsun ruwa da aka soma ginawa tun zamanin Gwamna Audu Bako, kuma cikin waɗanda za a iya zuwa a dawo a yini guda akwai dam ɗin Watari da ke Bagwai, wanda aka kammala a 1980.

Hanyar ma abin kallo ce. Ka kama titin Katsina, ka wuce Dawanau inda manyan motoci ke lodin hatsi, ka miƙe har Bichi, sannan ka karya zuwa Bagwai. Duk tsawon tafiyar da wuya ka ga daji. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, ƙasar kuma ba ta san hutu ba, takin gida da ake kai mata a mangala ko a amalanke shi ke riƙe da ita shekara da shekaru. Itatuwan da ke tsaye a tsakiyar gonaki, ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi. Ka tsaya ka nuna wa yara gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore, shi a tuɓe yake, hasken rana na sauka kan geron da ke ƙarƙashinsa. Da rani kuwa sai ya yi ganye luf, awaki su taru a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Yaron birni zai iya gama firamare bai taɓa lura da wannan ba.

Bakin ruwan ya fi daɗi da hantsi. Masunta na dawowa da abin da suka samu, karfasa da tarwaɗa na motsi a cikin kwale-kwale, masu sari sun tsugunna ana ciniki ba hayaniya. Can gefe ana kankare ɓawon kifi, a tsaga shi, a jefa cikin mai, a miƙo maka da zafinsa da yaji a takarda. Balbelu na bin shanun da aka kawo shan ruwa. Idan iska ta taso sai ruwan ya riƙa marin gaɓa, kuma ga yaron da bai san ruwan da ya wuce na kududdufin unguwa ba, wannan ya ishe shi labari har a koma makaranta.

Ni dai abin da ya fi burge ni yana ƙasan madatsar, inda magudanan ruwa suka ratsa filayen noman rani. Ko'ina a hanya ƙasa ta bushe ta yi fari, nan kuma shinkafa da albasa da tumatir da masara sun yi shar. Manoman ba su da rowar bayani, in ka yi sallama ka gaisa.

Kowane lokaci da nasa. Kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ta fi kowanne: an girbe gero, dawa ta nuna, ana roron gyaɗa, rake ya shigo, kuma a irin wannan lokacin ne aka saba jin kalangun 'yan dambe a ƙauyuka. Disamba da Janairu hunturu ne, a tafi da rigunan sanyi, hazo kan ɓoye ɗaya gaɓar. Bazara kuwa sai mai ƙarfin hali.

Kada ka zo da tsammanin lilo da kujerun wurin shaƙatawa irin na birni. Tabarmarka, ruwan shanka da abincin yara su biyo ka daga gida. Kuma duk yadda suka nace, kada a bar su su yi wanka a ciki, domin ruwan da ke kwance irin wannan shi ke sa tsargiya.

Maganar shiga kwale-kwale ta fi wannan nauyi. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a wannan ruwa, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙan su. Lodin da ya wuce ƙima aka fi ɗora wa laifin. Saboda haka, maigida, in ka ga jirgi ya cika, ka jira na gaba, in kuma babu rigar kariya ga kowane yaro, ku yi kallonku daga gaɓa.