Abin da aka cire wa motar kafin ta zo hannunka

Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa yana son sayen motarsa ta farko, 'yar Beljiyam ko ta Kwatano, wadda zai riƙa fita aiki da ita kullum kuma ya yi mata kwalliya yadda ransa ke so, ina tare da shi. Wanda ke ƙaunar motarsa ya fi kowa kula da ita. Amma ɗan'uwa, kafin ka miƙa wa dillali la'ada, ka sani ba kai ne na farko da zai yi wa motar nan sauye-sauye ba. Wasu sun riga ka, kuma su ragewa suka yi.

Yawancin Corolla da Camry da Honda da ke jere a filayen dillalai na Kano da Kaduna daga Amurka da Kanada suka taso, duk da sunan Beljiyam da ya bi su. Da dama a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA aka saye su, inda kamfanonin inshora ke karyar da motocin da kuɗin gyaransu ya kusa cinye darajarsu. Wata bamba da fitila ne kawai suka fashe, tsadar aikin hannu a can ta sa aka haƙura da ita. Wanda ya samu irin wannan ya dace. Wata sai da shasinta ya lanƙwashe. Wata kuma ruwa ne ya shanye ta, kamar dubban ɗaruruwan motocin da ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar a yankin Houston a 2017. Idan fanabita da mai fenti suka gama aikinsu, ukun nan duk ƙyalli ɗaya suke yi a rana.

Don haka ka je duba mota da sassafe, tun ba a tayar da ita ta yi ɗumi ba, kuma da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira maka ba. Murɗa makulli kaɗan, kar ka tayar. Fitilun dashbod za su kama gaba ɗaya, har da ta cek da ta jakar iskar nan mai fitowa lokacin haɗari, in aka tayar da motar su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wani ne ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta don ta daina tona asiri. Sai ka durƙusa ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera, ka sa hanci. Ka duba notunan da suka riƙe kujerar ko sun yi tsatsa, ka shafa lungu ko za ka ji busasshen laka, ka ja bel har ƙarshensa ko akwai shatin ruwa. Motar da ta sha ruwa kyan ɗan maciji gare ta. Wayoyinta a hankali suke ruɓewa: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, mai wayarin ya zame maka abokin dole. Akwai kuma lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba, ta ɓangaren direba. Rubuta ta a Google. Sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata wanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ragewar da ake yi bayan motar ta sauka lafiya. A cikin salansa akwai abin nan da makanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi kafin ya fita. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake yanke salansa a kwashe shi a yi walda. Hayaƙin da ya kamata ya tace, mai rake da 'yan makaranta da ke gefen titi a cunkoson yamma su ne ke shaƙarsa. Leƙa ƙarƙashin motar, sabon ɗinkin walda ba ya ɓuya.

Sai tamostat, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwan lagireto har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. Mota na isowa wani zai ce wannan na ƙasar sanyi ne, a cire, a haɗa fanka kai tsaye. Daga ranar injin zai riƙa daɗewa bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara masa mai, cikinsa yana cinyewa da wuri. Motocin nan suna yawo da tamostat ɗinsu a Texas da Arizona, inda rana ba ta wasa. In mota na zafi, a nemi dalilin a lagireton da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fankar da ta gaji. Ruwan famfo da ake ɗura mata maimakon ruwan lagireto na gaske shi ke kawo toshewar tun farko. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, tamostat ya zama maganar cefanen gida.

To wace mota? Ni dai wadda za a samu kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka cikin awa guda, kuma yaron gareji ya san ta ciki da bai. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin lita 1.8 tana kan gaba. Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru injin Toyota iri ɗaya ke cikinta, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke California aka haɗa ta. Sai dai an daina ƙera Pontiac tun 2010, kayan bodinta ba su kai na Corolla yawa ba. Honda EOD ta fi su daɗin tuƙi, amma ka ɗauki mai silinda huɗu, ka bar V6 da shan mai da rigimar giya, kuma ka riƙa sa ido a kan bol-join na gaba, domin shi ke sa ka ga Honda ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace. Golf 3 mai giyar hannu makaranta ce ga mai son koyon taɓa inji da kansa, illa dai an fara ƙera ta tun 1991, tsufa ya kama ta.

Takardun kwastam kuwa ka kai su ofishinsu a tabbatar maka. A farkon 2017 gwamnati ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motoci da yawa sun ci gaba da shigowa ta daji da takardun bogi. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko kyauta ce ka bar ta.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ina ganin tana yi, in an bi tsari. Kuɗin farko na mayar da abin da aka cire ne, sannan birki da shokazoba da taya. Tayar Beljiyam a duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mai hoton dutse da ƙanƙara ta lokacin sanyi ce, kwaltarmu ta watan Afrilu cinye ta take yi. Corollar nan da rim mai inci 15 ta zo. In ka kai ta 16 za ta yi kyau ba ta cutu ba. In ka kai 18 da siririyar taya, ka kuma zaunar da motar ƙasa, ramin farko na damina zai lanƙwasa rim, tudun rage gudu na unguwa ya riƙa karce mata ciki. Sauti mai kyau, rigar kujeru, sabon fenti, duk ka yi abinka. Fitila ce nake roƙonka a kanta: farin ƙwan nan mai tsananin haske, in aka cusa shi a gidan fitilar da ba nasa ba, watsuwa yake yi ya makantar da mai tahowa, kuma a hanyar Katsina ko Haɗeja da dare mai tahowar yana iya zama bas cike da mutane.

Masu tunanin mayar da mota ta koma amfani da iskar CNG kuma, dabara ce mai kyau ga mai fita kullum, muddin akwai gidan iskar kusa da shi. Amma iskar nan da matsi mai tsanani ake ɗura ta, wajen ma'aunin bar 200, nesa ƙwarai da na tukunyar girki. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan ɗura iska a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma tukunyar da aka harhaɗa da walda ce ta fashe. In za ka yi, ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ka ga shekarar ƙera tukunyar da lambarta a jikinta da idonka, ka kuma karɓi takardar aikin kafin ka bar wurin.