Wasiƙa daga Minesota: Injin Feshin Ruwa da Sanyin Hunturu

Miniyapolis, jihar Minesota, Amurka.

Zuwa ga Edita da masu karatu.

Wannan wasiƙa ta shafi injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin wanda masu wankin mota ke aiki da shi a Kano da Damagaram, sai dai a nan magidanci ne ke ajiye nasa a gareji, domin wanke farfajiyar gida da kuma gishirin da ake zuba wa tituna don narkar da ƙanƙara, wanda kan manne a ƙarƙashin mota har ya cinye ƙarfe. Injin kashi biyu ne: akwai injin fetur, galibi ƙirar Honda ko Briggs & Stratton, akwai kuma famfon da ke matsa ruwa har ƙarfinsa ya kai fam 2,000 zuwa 3,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali ruwan famfon gida bai cika wuce fam 60 ba.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, a wannan jiha injin ya fi lalacewa a watannin da yake ajiye, daga Nuwamba zuwa Maris. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka ɗan abin da ya rage a cikin famfo ya isa ya tsaga shi, kuma famfon da ya tsage sai dai a sayi sabo. Saboda haka mai hankali kan zazzage ruwan tiyo da na famfo, ya ɗura maganin hana daskarewa kafin sanyi ya sauka. Fetur ma yana da nasa sharrin, domin yawancin wanda ake sayarwa a nan an gauraya shi da itanol, wato sinadarin da ake tacewa daga masara, kashi 10 cikin ɗari. Itanol kuwa yana jawo laima, kuma fetur ɗin da ya kwana watanni yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Maganinsa a tsiyaye tanki, a bar injin ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa. Juyen baƙin mai a injin Honda GX ana yin sa bayan sa'o'i 20 na farko, sannan duk bayan sa'o'i 100.

Batun rai ya fi duk wannan nauyi. Sanyi kan sa mutum ya so tayar da injin a cikin gareji, kuma hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, ita ce dai wadda ke halaka iyalai da suka kwana da janareta a ɗaki. Buɗe ƙofa kaɗai bai wadatar ba. Haka kuma bakin feshi mai jan launi, wanda ke tattara ruwan wuri guda kamar tsinin allura, yana iya huda fata ya cusa datti cikin tsoka, raunin ya yi kama da ƙarami alhali yana bukatar asibiti nan take.

Roƙon wannan wasiƙa ga masu gidajen wankin mota shi ne su ajiye injinsu a fili, su sama wa yaransu takalmin roba da tabarau, kuma kada su bar yaro ya riƙe bindigar feshi kafin a koya masa.