Loren, ƙasar da aka haifi kish

Matafiyin da ya shiga jirgin ƙasa mai gudu daga tashar gabas ta Paris, cikin awa ɗaya da rabi zai sauka Nansi, tsohon birnin sarakunan Loren. Wannan yanki yana arewa maso gabashin Faransa, ya yi iyaka da Beljik da Luksambur da Jamus, kuma tun shekara ta 2016 aka haɗe shi cikin babbar jahar Grand Est. Ƙasa ce ta sanyi da yawan ruwan sama, ga dazuzzuka, ga shanu masu nono.

A tsakiyar Nansi akwai dandalin Stanislas mai ƙofofin ƙarfe da aka shafe da ruwan zinariya. Sunan tsohon sarkin Polon ne, wanda ya riƙe Loren har rasuwarsa a 1766, shekarar da ƙasar ta koma hannun Faransa. Baƙi na tsayawa su ɗauki hoto. Amma abin da ya kai sunan Loren nesa, har cikin gidajen burodi na Yamai, abincin talakawa ne da ake kira kish.

Kalmar daga bakin Jamusawa ta fito, waɗanda ke ce wa irin wannan gashi "Kuchen". Birnin Mes, mai gine-ginen dutse ruwan ɗorawa, ya zauna ƙarƙashin Jamus daga 1871 zuwa 1918, ya sake komawa daga 1940 zuwa 1944. A da, ranar da matan ƙauye ke gasa burodi, sai su rage ɗan kwaɓi su shimfiɗa shi, su kaɗa ƙwai da kirim, wato mai kaurin nan da ke tasowa saman madara, su zuba a kai, su tura cikin tanderu tun da zafinsa.

Yau da man shanu ake kwaɓin. Giram 250 na garin alkama, giram 125 na man shanu mai sanyi, gishiri da ruwa kaɗan. Ba a wahalar da shi da murza, in ba haka ba ya yi tauri. A bar shi ya huta rabin awa wuri mai sanyi, a shimfiɗa a farantin gashi, a soke gindinsa da cokali mai yatsu. Sannan a kaɗa ƙwai huɗu da kwatan lita na kirim, da gishiri da masoro, a zuba, a gasa kamar minti 40 a zafin digiri 180. In tsakiya ta kama amma tana ɗan rawa, a sauke. Mutanen Loren na ainihi ba su yarda a sa cuku ba; masu sawa, a wurinsu, baƙi ne.

Ga inda ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka tura ƙaro ilimi ya buɗe ido. Kish na Loren da kyafaffen naman alade ake yin sa, an yanka ƙanana, ƙwai ya rufe su har ba a gani sosai. Ko wanda aka ce na albasa ne, sau da yawa ana jefa masa. Duk inda aka rubuta "lardons" ko "jambon", musulmi ya janye hannu, kuma ya tambaya kafin ya biya.

Sai dai Loren ɗin kanta ta sake. Ma'adinan ƙarfe da na gawayi sun jawo leburori daga Italiya da Polon da Aljeriya da Maroko. An rufe ramin ƙarfe na ƙarshe a 1997, na gawayi kuma a 2004, yanzu mutane fiye da dubu 100 ke ƙetarawa Luksambur aiki kowace safiya. Jikokin leburorin nan sun zauna, da mahautansu na halal, kuma a gidajensu da kyafaffen naman sa ko talotalo ake kish.

Uwargida a Maraɗi ko Damagaram ba ta rasa komai ba. Albasar Galmi da aka soya a hankali har ta yi laushi tana ɗaukar wurin naman. In babu tanda ta gas, tukunyar ƙarfe mai murfi ta isa, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a sama.